Igiya a Kan Ƙofa

Ihun Yaya ne ya riga ta isowa. Ina tsaye a bakin ɗakin kwanana, na wurga igiyar labule ta saman ƙyaure, hannuna na dama yana jan baki ɗaya ƙasa, na hagu kuma, na gefen da aka yanke mini nono, yana hawa sama kaɗan-kaɗan da ɗaya bakin. Yatsuna ba su da ƙarfin riƙo, don haka na yi wa igiyar madauki na zura tafin hannuna a ciki. Zafi ya sa na runtse ido na cije leɓe, hawaye na zuba ba da izinina ba. A haka ta same ni. Farantin da ke hannunta ya faɗi ya tarwatse.

"Innalillahi! Jama'a ku kawo ɗauki! Za ta kashe kanta!"

Kafin in buɗe baki ta rungumo ni ta baya, hannunta daidai kan ɗinkin, muka zube ƙasa tare. Azabar da na ji ta ɗauke mini numfashi. Mijina ya fito daga banɗaki da kumfar aski a haɓa, maƙwabta suka hauro bene suka cika falo, abin da kowa ya gani kuwa shi ne mace a ƙasa tana haki, fuska jage-jage da hawaye, ga igiya mai madauki tana lilo a saman ƙofa.

"Motsa jiki nake yi," na ce da na samu murya. "A asibiti aka koya mini."

"Ku ji fa!" in ji Yaya, tana kuka tana shafa kaina kamar na jariri. "Wai motsa jiki. Da igiya. Allah na gode maka da ka kawo ni a kan lokaci."

Na dubi mijina. Ya dubi igiyar, ya dubi maƙwabta, sannan ya miƙa hannu ya zare ta daga ƙyauren ya nannaɗe ya sa a aljihu. Bai tambaye ni komai ba.

* * *

Ni mai ɗinkin labule ce. Rabin rayuwata a kan tsani na yi shi, hannuwa a sama, ƙusa a baki, a gidajen mutane da ofisoshinsu. Ba ni da haƙuri, wannan kowa ya sani, kuma ban taɓa ba kowa haƙuri a kai ba. Da cutar daji ta kama ni na sha ƙarin ruwan maganin nan mai kakkaɓe suma, na yi amai har na zaci hanjina zai fito, daga baya aka yi tiyata aka cire nonon hagu haɗe da kaluluwar hammata. Duk wannan ban taɓa cewa na gaji da duniya ba. Ranar tiyatar ma sai da na yi wa mai tura gado faɗa don ya buga ni da bango.

Kafin a sallame mu, Sistar ɗakinmu, wata doguwa mai kakkausar murya, ta tattara mu ta jera a jikin bango, kowace da robar da ke zuƙe ruwan ciwo tana reto a ƙugu.

"Ku saurare ni da kyau," ta ce. "Yanka ba shi ne ƙarshe ba. In ciwo ya kame, saura gashi. Za a kwantar da ke a cikin na'ura ta haska wurin, ta ƙone abin da wuƙa ta bari. Kuma kwanciyar nan ba ta yiwuwa sai hannu ya hau bisa kai, kin kama wani ƙarfe kin tsaya cak. In hannu bai hau ba, haske ba zai kai hammata ba, sallamar ki za su yi. Na'urar ɗaya ce, masu jira ba iyaka. Kika rasa layinki, cutar ba za ta zauna jiran ki ba."

Ta nuna mana yadda ake fuskantar bango a hau shi da yatsu har inda zafi ya tsayar da mutum. Ta nuna mana na sanda, a riƙe da hannu biyu a ɗaga. Ta nuna mana na igiya a kan ƙofa, hannu mai lafiya ya ja mara lafiya. Ta ce da zarar an cire robar a fara, kullum, ko ana so ko ba a so, don kafaɗa da ta ga an ƙyale ta sai ta sandare. Lokacin Yaya tana can layin karɓar magani, mijina kuma yana wurin aiki.

Yaya ita ta goya ni. Ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma a danginmu duk wanda ya kwanta ita ake aika wa. Ita ta yi jinyar Inna, ita ta yi ta mijinta. Ta iya juya mara lafiya ba tare da ya farka ba, ta iya wanke mutum a kan gado ko zanen bai jiƙe ba, ta san cokali nawa maƙogwaro zai karɓa kafin ya ƙi. Ban raina mata ko ɗaya ba. Amma duk waɗanda ta yi jinya kwance ta same su kwance suka tafi, ba ta taɓa riƙe wanda ke neman tashi ba.

Mijina kuwa akawu ne a kamfanin ruwa, Akawu ma kowa ke ce masa har 'ya'yansa. Mutum ne mai tsabta, mai sallama da murmushi, wanda bai taɓa ɗaga mini murya ba. Abu biyu yake tsoro a duniya, hayaniya da bakin mutane, ranar igiya kuwa duka biyun suka shigo masa falo lokaci guda.

* * *

Kafin la'asar sun tsefe gidan. Aka kwance igiyoyin labule kaf, a gidan mai labule, tagogina suka koma kamar na gidan da aka tashi. Aka kwashe almakasai da wuƙaƙe, aka sauke sandunan labulen da na jingine a bayan ƙofa, aka tafi da wayar caji, daga baya aka tafi da wayar kanta wai kar in ga abin da zai tayar mini da hankali. Akawu ya kulle ƙofar baranda ya rataya makullin a cikin na motarsa. Sannan ya ɗauko sukudireba ya durƙusa ya cire sakatar banɗaki, yana yi yana kauce wa idona.

"Kira asibitin ka tambaya," na ce masa. "Abu mai sauƙi."

"Za a kira. Ki kwanta tukuna."

Ba a kira ba. Masu dubiya ne suka fara zuwa, kuma ba irin na da ba. Da in an zo a ce sannu, ya jiki, a ajiye lemo a tashi. Yanzu sai a ja kujera har bakin gado, a kama hannuna, a sassauta murya. Ƙanwar Akawu ta yi mini wa'azin wutar da ke jiran wanda ya kashe kansa, tana yi tana ɓare ayabar da aka kawo mini tana ci. Wani baffansa da ban taɓa gani ba tun bikinmu ya ce ai nono ba shi ne mace ba, in yi tawakkali. Na ce masa ni ban ce shi ne ba, ya juya ya dubi Yaya, Yaya ta girgiza kai, wato ka gani ko, haka muke fama. Babban ɗana ya bugo daga garin da yake aiki, aka kara mini wayar a kunne, ƙato da gemunsa yana shessheƙa: "Mama me muka yi miki? Mu ba mu isa ki zauna dominmu ba?"

"Kai, rufe mini baki ka saurara. Hannuna nake..."

"An faɗa mini za ki ce haka," ya ce.

Wallahi ban taɓa sanin akwai ramin da ya kai wannan zurfi ba. In na yi shiru, a ce damuwa ce ta cinye ni. In na yi faɗa, a ce ga alamar ta fito. Na gwada dariya sau ɗaya, Yaya ta fita da sauri ta kira ƙanwar Akawu a waya. Yaya kuwa duk wanda ya shigo sai ta sake ba shi labari daga farko, farantin, ihun, yadda ta yi tsalle da tsofaffin guiwoyinta. Kullum labarin ƙara tsawo yake. A bakin wata maƙwabciya na ji cewa har kujera na taka.

* * *

Ban zauna ba, kar a ce na zauna. Da safe in Yaya ta shiga kicin sai in sauko in fuskanci bango in fara hawa da yatsu, ina jan numfashi da ƙarfi yadda Sista ta ce. Rana ta biyu ta kama ni. Ta tsaya a bayana, na ji tana karanto addu'a tana tofa mini a ƙeya. Da yamma na ji ta a waya: "Yanzu kuma bango take shafawa, tana huci ita kaɗai." Daga ranar ta dawo da murhun tebur ƙofar ɗakina, tana girki tana kallona.

Na koma banɗaki. Nan ya fi ma, ruwan zafi na sassauta fata, tayil kuma na da layi-layi, ina ganin inda na kai jiya. Amma ƙofa ba sakata. Yaya ta ajiye kujera a bakin ƙofar, ta sa ƙafa ta tokare ta a buɗe, in ta ji ruwa na zuba ba motsin wanka sai ta leƙo.

"Me kike yi?"

"Rawa nake. Ki shigo mu yi tare."

"Allah ya shirye ki. Fito haka nan, sanyi zai kama ciwon."

Sau ɗaya na samu ta yi gyangyaɗi bayan azahar, na lallaɓa na fita kan matakala. Bangon wurin duk dattin hannun yara ne, ban damu ba, na manna yatsuna na fara. Ban kai ko'ina ba matar gidan da ke kallon namu ta buɗe ƙofa da kwandon shara. Matar da na ɗinka wa labulen falo kyauta lokacin haihuwarta. Ta dube ni, ta dubi ramin benen da ke bayana, ta ajiye kwandon ta riƙe mini riga da hannu biyu tana ƙwala wa Yaya kira. Tun daga nan ƙofar waje ma aka riƙa kulle ta.

Hannun kuwa yana ta ja da baya. Wata jijiya ta taso daga hammata zuwa gwiwar hannu, ta ɗaure tamau kamar igiyar shanya, har ana ganin ta a ƙarƙashin fata. Layin tayil ɗin da nake taɓawa da farko ya fi ƙarfina, na dawo na ƙasa da shi. Ina kwance ina jin kafaɗata tana daskarewa, Yaya na gefena na hagu tana tottoshe bargo a ƙarƙashina don kar iska ta shiga. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, irin wanda ban ji ba ko ranar da aka faɗa mini sunan cutar.

* * *

Ranar komawa duba ɗinki guiwar Yaya ta kumbura, benen ya fi ƙarfinta, dole ta bar ni da Akawu bayan ta ja masa kunne kar ya saki hannuna a titi. Likita ya duba ciwon cikin minti kaɗan ya ce ya yi kyau, yana magana da Akawu ta saman kaina. Da muka fito ban nufi ƙofa ba, na ja Akawu har ɗakin da na kwanta. Allah ya taimake ni Sista na bakin aiki.

"Sista, don Allah faɗa wa mijina. Igiya a kan ƙofa, ke kika koya mana ko ba ke ba?"

"Ni ce mana. Ɗaga in gani."

Na ɗaga. Hannun ya tsaya daidai kafaɗa ya ƙi gaba. Fuskarta ta canza.

"Me kike yi duk kwanakin nan? Barci?" Ta juya kan Akawu. "Malam, kai ne mijin? Matar nan in ba ta yi da gaske ba daga yau, safe da rana da yamma, ba za ta shiga na'ura ba. Ka rataya mata igiyar da kanka, ka tsaya a kanta ta yi ko tana kuka."

"In sha Allah, in sha Allah," in ji Akawu, yana murmushin nan nasa na ofis. "Mun gode ƙwarai."

A mota na bari sai da muka fita daga cunkoson bakin asibiti. Zuciyata fes, har yunwa na ji, abin da na daɗe ban ji ba.

"Ka ji da kunnenka."

"Na ji."

"To in mun isa ka faɗa wa Yaya. Ka mayar mini da sakata da wayata, ka ba ni igiyata."

Muka wuce shagunan masu gyaran taya. Sannan ya rage rediyo.

"Kin san mutum nawa na faɗa wa? A ofis hutu aka ba ni a kan maganar nan. Shugabanmu da kansa ya kira ni ya dafa kafaɗata. 'Yan'uwana sun taso daga nesa. Yanzu in koma in ce musu me? Wai ashe motsa jiki take yi, mu ne sakarkaru?"

"Ka ce musu haka. Ai gaskiya ce."

"Yaya fa? Baiwar Allah ta bar gidanta ta zo tana wanke miki jiki, dangi kaf suna sa mata albarka ta ceci ranki. Sai mu tsinka ta a gaban mutane?"

"Baban yara, ranar gashi saura ƙiris."

"To ki riƙa yi a ɓoye mana."

"A ina? Kai ka cire sakatar da hannunka."

"Ki dai bari ƙura ta lafa," ya ce. "In mutane sun manta sai a sassauta a hankali. Komai ba ya son gaggawa."

Na dube shi, mutumin da na haifa wa 'ya'ya, yana tuƙi da hannu biyu a kan sitiyari, yana ba masu tsallaka titi hanya. Da duka ya yi mini da na san abin da zan kira shi. Na ce masa matsoraci, na ce masa munafuki, na faɗi wasu ma da ba zan maimaita ba. Ya ƙara rediyo.

* * *

Muna shiga gida ban ko cire mayafi ba na ce, "Yaya, mun ga Sista. Ta ce ita ta koya mini igiyar, kuma in ban yi ba ba za a gasa ni ba. Ga shi nan, a gabansa ta faɗa."

Yaya na zaune ta miƙe ƙafa a kan matashi. Ta dubi Akawu. "Haka ne?"

Ya sunkuya yana kwance igiyar takalmi, ya daɗe a kai kamar yau ya fara koyo.

"Sun dai ce a ci gaba da kula da ita sosai," ya ce. Ya jera takalman a gefe ya shige ɗaki ya turo ƙofa.

Na wuce tsakiyar falo, na fuskanci bango a gaban idonta, na ɗora yatsuna. Ta taso da ɗingishi ta kama wuyan hannuna ta saukar da shi.

"Sake ni."

"Ba zan sake ba."

"Na ce ki sake ni! Kin yi jinyar Inna kin binne, kin yi ta mijinki kin binne. Kewar gawa ce ta dame ki kika zo kaina? Ai ke mutum ba ya burge ki sai yana kwance yana kashi a kwano!"

Na zaci mari zan sha, kuma na shirya masa. Ba ta mare ni ba. Ta koma ta zauna a hannun kujera, har yanzu tana riƙe da ni, ta yi magana da muryar da ban san ta da ita ba.

"Ke kina makaranta lokacin, ba ki gani ba. Inna ma nan aka yanke mata, gefen nan. Ita ma irin bakinki gare ta, ba ta jin magana. Ta tashi ta yi wanki, ta ɗaga hannu za ta yi shanya, ɗinkin ya ɓalle. Ni na tare jinin da zanen jikina. Daga nan ba ta ƙara tashi ba." Ta matse hannuna har sai da na ji ƙashi. "Igiyar nan taki, ko ta mutuwa ce ko ta asibiti, ni duk ɗaya ne a wurina. Ki zage ni, ki tsine mini in kin ga dama. Hannun nan ba zai hau sama ba ina cikin gidan nan."

Ashe ta sani, ko ta kusa sani. Na ce mata ɗinkina ya warke, likita ya gani yau, zamanin Inna daban namu daban, abin da ya kashe Inna cutar ce da ba a gasa ba. Kamar da bango nake magana. Tausayinta ya kama ni, na kuma tsane ta a lokaci guda, ban san ana iya haɗa su ba sai ranar.

Maganar gawa da na yi kuwa kafin magariba ta zaga dangi. Aka ce abin ya kai inda ya kai, tunda har ta iya faɗa wa wadda ta goya ta haka. Washegari ƙanwar Akawu ta iso da jakar kayanta don ta riƙa karɓar Yaya, kar a bar ni ni kaɗai ko na ƙiftawar ido. Abin da ya rage mini shi ne in zame hannu a kan katifa ƙarƙashin bargo, ɗan taƙi kaɗan, kamar ɓarauniya a gidana.

* * *

Ɗakin na'urar sanyi gare shi kamar cikin firij. Wata ma'aikaciya ta taimaka mini na cire riga a ɗan ɗakin canza kaya, ta ba ni ta asibiti. Mai na'urar saurayi ne mai ladabi, da ganin idonsa ya gaji. Ya kwantar da ni a kan wani siririn gado mai tauri, ya nuna mini ƙarfen da ke bayan kaina.

"Mama, kama nan da hannu biyu."

Na dama ya kama. Na hagu ya taso, ya wuce ƙirji, ya tsaya a iska yana rawa.

"Ɗan ƙara kaɗan."

Na saki ƙarfen na kamo shi da na dama na ja. Jijiyar ta ɗaure, wuta ta tashi daga hammata har cikin kunnena. Na ja kuma. Na ji wata ƙara ta fito daga bakina wadda ban san tawa ba ce.

"A'a Mama, tsaya, kar ki ji wa kanki ciwo." Ya sa mini matashi, ya karkata ni, ya gwada wani abin tallafi, ya koma ya leƙa allonsa ya dawo. Daga ƙarshe ya kira likitar sashen. Ta ɗaga hannun da kanta a hankali har inda ya tsaya, ta ajiye.

"Ba a nuna miki motsa hannu ba bayan tiyata?"

"An nuna."

"To me ya hana ki yi?"

Daga ina zan fara, a kwance, rabin jiki a waje, ga mutane cike da baranda suna jira?

"Kullum sai mun faɗa muku," ta ce, ba da faɗa ba, da gajiya. "A haka hasken zai bi ta hannun, ba zai samu inda muke nema ba. Za mu tura ki wajen masu motsa gaɓoɓi. In kafaɗar ta saku ki dawo a sake sa ki a layi."

"Yaushe ke nan?"

"Wannan ba a hannuna yake ba, Mama. Amma ki yi ƙoƙari, irin cutarki ba a son a ja mata lokaci."

Kafin in sauko daga gadon an kira wadda ke bayana a layi.

Na koma ɗan ɗakin canza kaya na turo ƙofa. Ma'aikaciyar ta tafi da wadda aka kira. Rigata doguwa ce mara maɓalli, kuma na san dabarar, hannun ciwo ake fara zurawa. Taurin kai ya sa na ɗauke ta na jefa ta ka, yadda na saba sa riga tun ina yarinya. Hannun dama ya shige. Na hagu ya maƙale a tsakiya, rigar ta naɗe a kafaɗa ta rufe mini fuska, ba gaba ba baya. Na tsaya a cikin duhun yadin ina jin numfashina yana dawo mini da zafi.

Ƙofar katako ce mara kauri. A kan bencin da ke jikinta na ji muryar Yaya tana hira da wata, da alama 'yar matar da aka shigar yanzu ce.

"Ki ji shawarata, 'yata, na daɗe ina jinya. In kun koma gida kar ki bari ta wahalar da jikinta. Tawa ko cokali ba na bari ta ɗaga."

"Allah ya saka da alheri, Mama," in ji ɗayar. "Samun irinku sai an tona."

Na sake gwadawa. Zaren wuyan rigar ya yi ƙara, hannun bai motsa ba. Na daɗe a haka, har na ji ana ƙwanƙwasawa ana cewa akwai masu jiran ɗakin.

"Yaya," na ce.

"Na'am, ga ni, ƙanwata." Ƙofar ta buɗe, na ji tafinta mai ɗumi a bayana. "Kar ki motsa. Sauke hannun, ni zan sa miki."

Na sauke.